Talala Mai Kamar Sake: Yadda Ake Sarrafa Motsin Ƙashin Bayan Furotin Wajen Ƙera Mahaɗa a Rosetta

Akwai wata safiya da kusan duk mai ƙera furotin a manhajar Rosetta yake gamuwa da ita. Ya ba FastDesign, sashen manhajar da ke zaɓo sababbin amino asid, furotin biyu da ke manne da juna, ya zaɓi 'yan gurabe ya ce su kaɗai za a sauya, ya bar kwamfuta ta kwana tana aiki. Gari ya waye maki ya sauka ƙasa sosai, gwanin sha'awa, domin a Rosetta gwargwadon saukar maki gwargwadon kyansa. Sai ya ɗora sabuwar siffar a kan ta asali a PyMOL, manhajar duba siffar furotin, ya tarar furotin ɗin da ya ce kada a taɓa ya gusa, wani madauki, wato sassauƙan guntun sarƙar furotin, ya lanƙwashe ya shige inda ba a taɓa ganinsa ba, mahaɗar kuma ta matse ta cika da alanin, ɗaya daga cikin ƙananan amino asid. Lissafin manhajar daidai ne, amma furotin ɗin da aka yi wa lissafin babu shi a duniya.

Dalilin guda ɗaya ne. An ba da umarni a kan abin da za a sauya, ba a ba da umarni a kan abin da zai motsa ba. Idan kuwa ba ka faɗa ba, FastDesign da ɗan'uwansa FastRelax, mai daidaita siffa ba tare da sauya amino asid ba, sakin komai suke yi.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Furotin sarƙa ce ta amino asid, kowace ɗaya zan kira ta gaɓa. Jerin atam uku da ke maimaituwa a kowace gaɓa, wato N da Cα da C, shi ne ƙashin baya. Abin da ya fito daga Cα, wanda ke bambanta alanin da tiriftofan, shi ne reshe. Inda furotin biyu suka haɗa fuska ita ce mahaɗa. Furotin ɗin da muke son kamawa manufa ne, wanda muke ƙerawa kuma mai kamu. Tsayi duk da Å ake auna shi, wato angstrom, kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita: tsakanin Cα ɗaya da na gaba kusan Å 3.8 ne, haɗin haidurojin kuma kusan Å 2.8 zuwa 3.

Mai karatu zai ce, to a daskarar da ƙashin bayan gaba ɗaya mana a huta. Da farko haka za ka yi, amma ba za ka daɗe ba za ka ga iyakarsa. Makin ture-ture tsakanin atam biyu, wanda Rosetta ke kira fa_rep, hawa yake yi da gudu da zarar sun kusanci juna fiye da kima. Tazarar da ba ta kai rabin Å ba tana iya zama bambanci tsakanin tiriftofan ya shiga gurbi ko a kore shi. Daskararren ƙashin baya yana riƙe da hoton rassan da aka same shi da su, sai ya yi ta dawo maka da su ko da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Furotin na gaske kuwa yana ɗan gusawa ya ba baƙon reshe wuri. Saboda haka motsi ana bukatarsa. Hatsarin shi ne, duk motsin da ka ƙara, maki zai ƙara sauka, ko ƙirar ta gyaru ko ta lalace. Makin ba zai taɓa gaya maka ka saki abu fiye da kima ba. Kai ne za ka sa iyaka, kai ne kuma za ka auna.

Misalin da za mu bi

Za mu yi aiki da barnase da barstar, furotin biyu na ƙwayar bakteriyar Bacillus amyloliquefaciens. Barnase mai gaɓa 110 yana yanka RNA, barstar mai gaɓa 89 kuma yana toshe masa baki don kada ya kashe ƙwayar da ta yi shi. Kamun nasu na daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani, kusan 10⁻¹⁴ mola a ma'aunin rabuwa, inda ƙanƙantar lamba ke nuna ƙarfin kamu. Siffarsu tana PDB, ma'ajiyar siffofin furotin ta duniya, da lamba 1BRS, aikin ɗakin binciken Alan Fersht a Kambirij a 1994. Na zaɓe su ne don mahaɗarsu cike take da caji da ruwa: Asp35 da Asp39 na barstar suna fuskantar Arg59 da Arg83 da Arg87 da His102 na barnase. Irin wannan mahaɗar ce take tona asirin tsarin da ya saki ƙashin baya da yawa, domin nan da nan zai zubar da cajin ya cusa manyan rassa masu gudun ruwa.

Mataki na farko: share fayil, ka daidaita shi a ɗaure

A 1BRS akwai kwafi uku na haɗin. Ɗauki sarƙar A ta barnase da sarƙar D ta barstar, ka zubar da saura. Ka tabbata manufa ce a saman fayil, za ka ga amfanin haka nan gaba. Duba ko akwai gaɓoɓin da suka ɓata a tsakiyar sarƙa. Sannan ka riƙe cewa Rosetta na da nata ƙidayar da ke farawa daga 1 ta zarce har ƙarshen sarƙa ta biyu ba tare da ta koma ba, don haka gaɓa ta 39 a wurinta ba Asp39 na barstar ba ce. Idan kana nufin lambar PDB, rubuta 39D.

Siffar da ta fito daga kiristal kusan kullum tana da 'yan wuraren da atam suka ɗan gogi juna a idon Rosetta. Idan ka fara ƙira a haka, manhajar za ta sauya gaɓoɓi masu lafiya don kawai ta kauce wa gugar. Maganinsa shi ne tsarin da Nivón da Moretti da Baker suka wallafa a 2013:

```
relax.default.linuxgccrelease -s 1brs_AD.pdb \
  -relax:constrain_relax_to_start_coords \
  -relax:coord_constrain_sidechains \
  -relax:ramp_constraints false \
  -ex1 -ex2 -use_input_sc -flip_HNQ -no_optH false \
  -nstruct 10
```

Layi na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Idan babu shi, ɗaurin yana raguwa a kowane zagaye har ya kwance a matakin ƙarshe, wato daidai lokacin da ake fitar da siffar da za a ba ka. Ɗauki mafi ƙarancin maki cikin goman, ka ɗora shi a kan kiristal ka tabbata bai gusa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Daga yanzu wannan ce siffar asali. Duk wani kwatance da ita za a yi.

Mataki na biyu: ƙofofi biyu ne, kowace da makullinta

Nan ne tushen matsalar da muka fara da ita. FastDesign aiki biyu yake yi bi da bi. Na farko jera rassa: yana gwada amino asid dabam-dabam da zamansu dabam-dabam a kan ƙashin bayan da ke tsaye. Na biyu gangarawa: yana murza kusurwoyi kaɗan-kaɗan yana bin gangaren maki zuwa ƙasa. Sashen TASKOPERATIONS jera rassa kaɗai yake mulka. Gangarawa a hannun MoveMap take. Ka rubuta PreventRepackingRLT a kan barnase gaba ɗayansa, wannan bai hana kusurwoyin ƙashin bayansa, φ da ψ, juyawa lokacin gangarawa ba. Ka kulle ƙofar gaba, ta baya na buɗe.

Ga yadda za a raba yankuna a kuma kulle ƙofofin biyu:

```
<RESIDUE_SELECTORS>
  <Chain name="manufa" chains="A"/>
  <Chain name="mai_kamu" chains="D"/>
  <InterfaceByVector name="mahada" grp1_selector="manufa" grp2_selector="mai_kamu"/>
  <And name="gurabe" selectors="mahada,mai_kamu"/>
  <Not name="saura" selector="gurabe"/>
  <Neighborhood name="kewaye" selector="mahada" distance="8.0"/>
  <Not name="nesa" selector="kewaye"/>
</RESIDUE_SELECTORS>
<TASKOPERATIONS>
  <InitializeFromCommandline name="umarni"/>
  <IncludeCurrent name="na_yanzu"/>
  <OperateOnResidueSubset name="jera_kawai" selector="saura">
    <RestrictToRepackingRLT/>
  </OperateOnResidueSubset>
  <OperateOnResidueSubset name="daskare" selector="nesa">
    <PreventRepackingRLT/>
  </OperateOnResidueSubset>
</TASKOPERATIONS>
<MOVE_MAP_FACTORIES>
  <MoveMapFactory name="izini" bb="false" chi="false" jumps="true">
    <Chi residue_selector="kewaye"/>
    <Backbone residue_selector="mai_kamu"/>
  </MoveMapFactory>
</MOVE_MAP_FACTORIES>
```

Lura da salon MoveMapFactory ɗin: an fara da hana komai, sannan aka buɗe abin da ake so. Ko yaushe haka nake rubuta shi, domin abin da ka manta ba ka ambata ba gara ya kasance a kulle. Kalmar jumps tana nufin tsallen da ya haɗa sarƙa biyu, wato damar da barstar ke da ita ta gusawa ko juyawa ɗungurungum a gaban barnase. Shi ma motsi ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa ya buɗe gurbin da kake nema ba tare da an murza ko kusurwa ɗaya ba.

Wani ƙaramin tarko: InterfaceByVector yana sake lissafi duk lokacin da aka kira shi. Idan siffa ta gusa a tsakiyar aiki, jerin gaɓoɓin mahaɗa na iya sauyawa. Ko dai ka adana zaɓin tun farko da StoreResidueSubset, ko ka dubi mahaɗar da idonka ka rubuta lambobin a Index. Ni na fi son na biyun, saboda yana tilasta wa mutum ya san gurabensa ɗaya bayan ɗaya.

Game da manufa, ra'ayina a bayyane yake: ƙashin bayanta a kulle. Barstar namu ne, za mu iya sauya jerinsa ya dace da sabuwar siffa. Barnase ba namu ba ne, zai zo gwaji yadda Allah ya yi shi. Duk lanƙwasar da manhaja ta yi masa don ya rungumi ƙirarka, alkawari ne da bai ɗauka ba. Idan kana da hujjar cewa wani madauki nasa yana motsi, kamar a ce siffofin kiristal biyu sun nuna shi a wurare biyu, to ka yi ƙira dabam a kan kowace siffa, kowace a daskare.

Mataki na uku: gaɓar da aka hana motsi ma tana iya motsi

Wannan ya fi kowanne rikita sabon shiga, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Rosetta ba ta ajiye furotin a matsayin ɗigo-ɗigo a sarari. Tana gina shi ne daga tushe, kowane atam a kan na bayansa, ta hanyar kusurwoyi. Taswirar wannan gini ita ce FoldTree, bishiyar naɗi. Idan ka murza ψ na wata gaɓa, duk abin da ke gaba da ita a bishiyar sai ya juya tare, ko da ka rubuta bb="false" a kansu. Kusurwoyinsu ba su sauya ba, amma wurinsu ya sauya. Riƙe doguwar gora ka ɗan karkata wuyan hannunka, ka ga yadda bakinta ke yin nisa.

A yi lissafi. Helis, wato inda sarƙa ta murɗe kamar igiya, yana ƙaruwa da Å 1.5 a kowace gaɓa, don haka mai gaɓa 20 ya kai Å 30. Karkatar digiri ɗaya tak a gindinsa tana gusar da ƙarshensa da kusan rabin Å. Digiri biyu, Å ɗaya. Haɗin haidurojin ya riga ya tsinke. Shi ya sa sakin gaɓa biyar a tsakiyar sarƙa kana zaton ka taƙaita motsi, wani lokaci ya fi sakin sarƙar duka ɓarna: rabin furotin yana lilo a kan gaɓoɓi biyar, sauran kuma ba su da damar ramawa.

Hanya uku ce ake bi. Ta farko, ka saki ƙashin bayan mai kamu gaba ɗaya amma a ɗaure, kamar yadda na tsara a sama, bayaninsa na zuwa a mataki na huɗu. Ta biyu, ka sake zana bishiyar. Umarnin AtomTree da docking_ft="true" yana kai tsallen zuwa tsakiyar kowace sarƙa maimakon bakinta, sai gorar ta gajarta ta kowane gefe. Idan madauki ɗaya kake son ya motsa, a yanka shi a tsakiya, a tsallake shi, a gina rabinsa daga hagu rabinsa daga dama, sannan a kunna makin chainbreak don bakin yankan ya koma ya haɗe. Wanda ya manta da wannan makin zai sami furotin tsinkakke mai kyakkyawan maki.

Ta uku ita ce gangarawa a sarari kai tsaye, cartesian="true". A nan kowane atam gusawa yake da kansa, gaɓar da aka hana kuma tana tsayawa cak inda take, babu batun gora. Har tsawon haɗi da kusurwarsa suna ɗan sassautawa. Sharaɗinsa, dole a yi amfani da ref2015_cart, wani nau'in ma'aunin maki na ref2015, wanda ke kunna cart_bonded ya kashe pro_close don kada a ƙirga zoben furolin sau biyu. Ya fi cin lokaci, kuma makinsa ba a kwatanta shi da na ref2015. Idan ɗan yanki kake son saki a tsakiyar sarƙa, wannan hanya nake ba da shawara.

Mataki na huɗu: turke da igiya

Makiyayi ya san bambancin sake da talala. Dabbar tana kiwo tana zagayawa, amma igiya ta san iyakarta. Haka za mu yi wa barstar: kowane atam na ƙashin bayansa a kafa masa turke a inda yake a siffar asali.

```
<SCOREFXNS>
  <ScoreFunction name="zalla" weights="ref2015"/>
  <ScoreFunction name="da_talala" weights="ref2015">
    <Reweight scoretype="coordinate_constraint" weight="1.0"/>
  </ScoreFunction>
</SCOREFXNS>
<MOVERS>
  <AddConstraints name="daure">
    <CoordinateConstraintGenerator name="turke" residue_selector="mai_kamu" sd="0.5" sidechain="false"/>
  </AddConstraints>
  <FastDesign name="kira" scorefxn="da_talala" movemap_factory="izini"
    task_operations="umarni,na_yanzu,jera_kawai,daskare"
    relaxscript="InterfaceDesign2019" ramp_down_constraints="false" repeats="3"/>
  <RemoveConstraints name="kwance" constraint_generators="turke"/>
  <InterfaceAnalyzerMover name="awo" scorefxn="zalla" interface="A_D" pack_separated="true" interface_sc="true"/>
</MOVERS>
```

Tsawon igiyar shi ne sd. Tarar da atam ke biya ita ce nisan da ya yi, a raba da sd, a ninka sakamakon da kansa. Idan sd 0.5 ne, gusawar rabin Å tarar maki 1 ce, Å ɗaya maki 4, Å ɗaya da rabi maki 9. Idan ka mai da sd ya zama 1.0, Å ɗaya maki 1 ne kawai. Ka ga ninka igiya sau biyu ya sassauta tarar sau huɗu, don haka kada ka yi tsalle mai nisa. Fara da 0.5. Ba laifi ba ne ka kafa turaku iri biyu, gajeriyar igiya a kan helis da tsakiyar furotin, doguwa a kan madaukai da ke bakin mahaɗa.

Abu huɗu ke sa talala ta zama ta banza ko ta yi ɓarna. A ref2015 nauyin coordinate_constraint sifili ne, don haka idan ba ka sa layin Reweight ba, ko ka ɗauki ref2015_cst, turakun suna nan amma babu igiya, manhajar kuma za ta ci gaba da aikinta. Tabbacin da za ka nema shi ne shafin coordinate_constraint a fayil ɗin maki, ka ga yana ɗauke da lambar da ba sifili ba. Na biyu shi ne ramp_down_constraints, ɗan'uwan wancan layi na mataki na farko. Na uku, turakun da tushen bishiya ake auna su. A misalinmu tushen yana cikin barnase, wanda ba ya motsi, shi ya sa na ce a sa manufa a saman fayil. Ran da ka saki sarƙar da tushen ke cikinta, sai ka fara da VirtualRoot don a sami wuri tsayayye. Na huɗu, ka kwance igiyar kafin awo. InterfaceAnalyzerMover raba sarƙoƙin yake yi ya kai ɗaya can nesa ya ga bambancin maki. Idan turaku na nan kuma ma'aunin yana ƙirga su, tarar rabuwar za ta yi tashin gwauron zabi, kamun ya fito da ƙarfin da ba shi da shi.

Talalar nan tana riƙe wurin barstar ma, ba siffarsa kaɗai ba. Idan kana son ya riƙe siffarsa amma ya sami damar neman sabon zama a gaban barnase, ɗaure Cα da Cα a cikinsa za ka yi da AtomPairConstraintGenerator, ka kunna nauyin atom_pair_constraint.

Kalma ɗaya kan InterfaceDesign2019. A tsohon tsarin FastRelax, kowane zagaye yana farawa da ture-ture a kashi 2 cikin ɗari na ƙarfinsa, sannan 25, sannan 55, sannan cikakke. A wannan lokaci na laushi ƙashin baya yana matsowa ciki, kafin ture-ture ya dawo gurbin ya riga ya tsuke, sai ƙananan rassa su ci zaɓe. Tarin alanin da muka gani a farko daga nan yake. Jack Maguire da abokan aikinsa sun sake daidaita matakan don rage wannan, shi ne aka sami jerin tsare-tsaren masu ɗauke da 2019 a sunansu. Suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin talala.

Mataki na biyar: idan gangarawa ba ta isa ba

Gangarawa ramin da ke kusa kawai take faɗawa, ba ta haura tudu. Idan gurbin da kake nema yana bukatar ƙashin baya ya ɗan sauya zama, sai a koma ga backrub. Asalinsa daga furotin na gaske aka gano shi: a 2006 ɗakin binciken Jane da David Richardson a Jami'ar Duke ya duba siffofin kiristal masu tsananin kaifi, ya ga wani ɗan motsi inda guntun ƙashin baya ke juyawa a kan layin da ya haɗa Cα biyu, reshe ya gusa sosai, sauran sarƙar ba ta san an yi ba. Colin Smith da Tanja Kortemme suka shigar da shi Rosetta a 2008. Kyansa shi ne bakin guntun biyu a kafe suke, don haka babu matsalar gora. Guntun kan kai daga gaɓa 3 zuwa 12.

Yadda nake so a yi amfani da shi: a raba aikin biyu. Fara da samar da tarin siffofi, gomiya biyu ko uku, daga jerin amino asid na asali, ka ba pivot_residues gaɓoɓin barstar da ke mahaɗa da maƙwabtansu kawai. Zafin gwajin, mc_kt, bar shi a 0.6 da farko. Sannan ka yi ƙira a kan kowace siffa da ƙashin baya a daskare. Riba biyu ce a nan. Siffofin sun fito ne daga jerin da aka san yana naɗuwa, ba daga ƙashin bayan da ke bin son ran sabon reshe ba. Kuma za ka iya ƙirgawa: sauyin da ya bayyana a yawancin siffofin abin dubawa ne, wanda ya fito a guda ɗaya tak mai yiwuwa wani lungu ne ya dace da shi. A kan irin wannan tunani aka gina tsarin flex ddG na 2018, mai hasashen yadda sauya gaɓa ke shafar ƙarfin kamu: backrub a kewayen Å 8 na wurin sauyin, taku 35,000, sannan a ɗauki matsakaicin tarin siffofi.

Sake gina madauki ɗungurungum wani mataki ne sama da wannan. Kayan aikinsa KIC ne, na 2009, wanda aka aro lissafinsa daga hannun mutum-mutumi: a zaɓi gaɓa uku, a warware kusurwoyinsu shida yadda madaukin zai rufe daidai. Kada ka kai nan sai duk matakan baya sun gaza, kuma ka sani da zarar ka sauya madauki, kana da tambaya ta biyu da makin mahaɗa ba ya amsawa, wato ko sabon jerin zai naɗu ya ba da wannan madaukin.

Mataki na shida: awo, da gwajin da ba a tsallakewa

Kada ka gudanar da tsari ɗaya. Jera su kamar tsani: komai a daskare, tsalle kaɗai a sake, talala da sd 0.5, talala da sd 1.0; tarin backrub. A kowane hawa, kafin ka yi ƙira, ka bi da barstar na asali ta cikin tsarin nan sak, da RestrictToRepackingRLT a kan kowace gaɓa don kada komai ya sauya. Makin wannan shi ne ma'aunin hawan. Ƙirar da aka yi da sd 1.0 da na asalin da ya bi ta sd 1.0 ake gwada ta. Wanda ya gwada ta da na asalin da ke daskare, ribar motsi ya auna ya ɗauka ribar ƙira ce. Ina ganin wannan kuskuren ya fi kowanne tsada, domin shi ne yake kai mutum ga sayen DNA ɗin ƙirar da ba za ta yi aiki ba, a ɓata kuɗi da makonni a ɗakin gwaji.

Sannan ka duba waɗannan a kowace ƙira. RMSD, wato ma'aunin yadda atam suka gusa daga siffar asali, na ƙashin bayan barnase ya zama sifili, in ba haka ba akwai ƙofar da ke buɗe, koma mataki na biyu. Na barstar ka auna shi gaɓa-gaɓa, kada ka tsaya a jimla, domin madauki ɗaya da ya yi nisa yana ɓuya a cikin matsakaicin gaɓa 89. A irin wannan aiki na gyaran mahaɗar da take akwai, duk inda ya wuce Å ɗaya ina buɗe shi in duba da ido. Dubi rama_prepro da omega na kowace gaɓa, wato makin kusurwoyin ƙashin baya: idan dG_separated, makin ƙarfin kamu, ya yi kyau amma waɗannan sun haura a wuri guda, an murɗe ƙashin baya ne an biya kuɗin kamun da shi. Raba dG_separated da dSASA_int, wato faɗin fuskar da kamun ya rufe, don kada faɗin mahaɗa ya ruɗe ka, ka haɗa da sc_value, mai auna dacewar fuskokin biyu, da delta_unsatHbonds, mai ƙirga atam ɗin da aka rufe ba su sami haɗin haidurojin ba. Ƙarshe ka karanta jerin da kanka. A wane hawa Asp39 ya fara ɓacewa? Gaɓar nan na daga cikin waɗanda gwajin ɗakin bincike ya nuna su ke riƙe da kamun. Hawan da ya fara zubar da ita ya wuce gona da iri a wannan mahaɗar, sai ka sauko ɗaya. Idan ma daskararren hawa ya zubar da ita, matsalar ba ta motsi ba ce, ta ruwan da aka share daga fayil ce da yadda ma'aunin ke ƙirga caji, sai ka cire ta daga cikin gurabe.

Idan da sababbin manhajoji kake aiki

Tun bayan fitowar ProteinMPNN mai zaɓen jerin amino asid a 2022 da RFdiffusion mai zana ƙashin baya a 2023, daga ɗakin David Baker a Jami'ar Washintan da ke Siyatil inda Rosetta ta samo asali, da yawa ba sa barin FastDesign ya zaɓi jeri. Maɓallan motsin dai suna nan, sunansu ne ya sauya. ProteinMPNN a kan tsayayyen ƙashin baya yake aiki, amma an horar da nau'o'insa da ɗan hargitsin wuri, daga Å 0.02 a v_48_002 zuwa Å 0.30 a v_48_030, don kada ya manne wa ƙananan bayanan siffa. A RFdiffusion, diffuser.partial_T shi ne tsawon igiya: ƙaramar lamba ta ba ka dangin siffar da ka shigar, babba ta kai ka nesa. Tsarin da Nathaniel Bennett da abokansa suka wallafa a 2023 yana karɓa-karɓa tsakanin ProteinMPNN da FastRelax, sannan AlphaFold2, manhajar hasashen siffar furotin, ya yi hukunci, inda ake ɗaukar waɗanda pae_interaction nasu, wato kuskuren da yake hasashe a zaman sarƙoƙin biyu, bai kai 10 ba. A cikin wannan FastRelax ɗin, duk abin da muka faɗa kan MoveMap da bishiya da turke yana aiki yadda yake. Buɗe fayil ɗin XML ɗin da ya zo da tsarin, ka nemo layin da ya ce wace sarƙa aka saki, ka kuma ɗora manufar da AlphaFold2 ya dawo maka da ita a kan ta kiristal kafin ka karanta makin.